Gwangwanin da Ya Tunkari Dutse: Abubuwan Mamaki Game da Jiragen Fletcher

Sojojin ruwan Amurka na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ba su cika kiran wannan jirgi da sunansa na takarda ba. Gwangwani suke ce masa, su kuma 'yan gwangwani. Ba ƙarya suka yi ba. Ƙarfen jikinsa, ko a inda ya fi kauri, bai kai inci ɗaya ba, alhali sulken katafaren jirgin Japan mai suna Yamato ya kai inci 16. A cikin wannan gwangwani ake zuba samari fiye da 300, da baƙin mai, da albarushi, a ce su shiga gaba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai game da jiragen da ake kira Fletcher: waɗanda suka zana su sun san ba za su iya kare na ciki ba, sai suka ba su gudu da makamai, suka bar wa mutanen sauran aikin.

Sunan da aka gutsure

Irin wannan jirgi ana ce masa distiroya, wato mahallaki. Asalin sunan ya fi haka tsawo. A ƙarshen ƙarni na 19 aka ƙirƙiro ƙananan kwale-kwale masu harba tofido, wani dogon bam mai farfela da ke gudu a ƙarƙashin ruwa har ya huda cikin jirgi. Manyan jiragen yaƙi suka shiga uku, sai Ingila ta ƙera jirgi na musamman don farautar waɗannan kwale-kwale, irin su Havock na 1893, aka sa masa suna mahallakin kwale-kwalen tofido. Da tafiya ta yi tafiya, baki ya gaji da tsawon sunan, aka bar kalma ɗaya. Shi kansa mafaraucin kuma ya koma ɗaukar tofidon da aka yi shi don ya hana harbawa.

Jirgi 175 daga zane guda

Tsakanin 1942 da farkon 1945 Amurka ta kammala jiragen Fletcher har 175. Babu wani samfurin distiroya da aka taɓa yi da yawa haka. Tsawonsa mita 115, ya ɗan ɗara filin ƙwallon ƙafa, amma faɗinsa mita 12 ne kacal, kamar wuƙa a kan ruwa. Tukwanen tururi huɗu ne ke juya farfela biyu da ƙarfin doki 60,000, abin da ke kai shi gudun kusan kilomita 65 a sa'a. Yana ɗauke da igwa biyar da bututun tofido goma.

Ƙananan bindigoginsa na kakkaɓo jiragen sama kuwa, asalinsu daga ƙasashen da ba su shiga yaƙin ba ne: Bofors ta Suwidin, Oerlikon ta Suwizalan.

Ga kuma tsarin raɗin suna na wancan zamani. Katafaren jirgin yaƙi yana cin sunan jiha, mai bi masa sunan birni, jirgin ƙarƙashin teku sunan kifi. Distiroya ne ake raɗa wa sunan mutum, jarumin sojan ruwa, galibi wanda ya riga ya mutu.

Camfin sha uku

Amurkawa suna da camfi game da lamba 13, balle ta zo ranar Juma'a. To, ga na farko a jerin, shi Fletcher ɗin kansa. Lambar jikinsa 445, in ka tara ta ba ka 13. A daren Juma'a, 13 ga Nuwamba 1942, kusa da tsibirin Guadalcanal, jiragen Amurka 13 suka shiga faɗa da na Japan cikin baƙin duhu, shi ne na 13 a layi. Hatta mutumin da ya ci sunansa, Admiral Frank Friday Fletcher, sunansa na tsakiya Juma'a ne da Turanci. A wannan dare aka kashe manyan hafsoshin Amurka biyu, Callaghan da Scott, aka nutsar da jirage, aka ragargaza wasu. Fletcher ya fito ko ƙwarzane babu.

Wani abu ya fito daga wannan dare wanda ya fi camfin amfani. Mataimakin kwamandan jirgin, Joseph Wylie, ya tsaya kusa da na'urar rada, mai hango jirgi daga nesa, yana faɗa wa kwamanda abin da yake gani. Daga irin wannan dabara aka samo tsarin ware ɗaki guda a cikin jirgi inda ake tattara duk bayanan yaƙi, tsarin da jiragen yaƙi ke bi har yau.

'Yan'uwa biyar, jirgi ɗaya

Da gari ya waye a ranar, wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya harbi jirgin Juneau na Amurka. A cikinsa akwai 'yan'uwa biyar uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan gidan Sullivan daga garin Waterloo na jihar Iowa, waɗanda suka roƙi a bar su su yi aiki tare. Babu wanda ya dawo. Aka raɗa wa wani sabon Fletcher sunan gidansu, The Sullivans, mahaifiyarsu ce ta ƙaddamar da shi. Yana nan har yanzu a birnin Buffalo, ya zama gidan tarihi. A 2022 tsatsa ta huda shi, ya karkace ya fara nutsewa a inda yake ɗaure, sai da aka yi da gaske kafin a tayar da shi.

Kwamfuta mai haƙora

A can cikin jirgin, ƙasa da inda ruwa ya kai, akwai wani akwatin ƙarfe da ya haura tan ɗaya. Kwamfuta ce, amma ta haƙoran ƙarfe da sanduna masu juyawa, irin cikin agogon da. Ana ba ta gudun jirgi, da nisan abokin gaba, da ƙarfin iska, ita kuma ta lissafa inda harsashi zai tarar da shi, ta juya igwa biyar ɗin gaba ɗaya.

Ɗurin igwar dai aikin hannu ne. Harsashi ɗaya ya kai kilo 25, rabin buhun siminti ke nan. Mutum zai sunkuya ya ɗauko shi ya aza a bakin ɗuri, wani ya sa kwanson albarushi, igwa ta tashi, kwanso mai zafi ya faɗo, wani mai safar hannu ya cafe ya jefar waje. Duk bayan daƙiƙa huɗu a sake, cikin ɗan ɗakin ƙarfe mai juyawa, jirgi yana tangaɗi, hayaƙi yana shaƙe maƙogwaro.

Daga 1943 aka fara amfani da wani harsashi mai ɗan ƙaramin rediyo a hancinsa. Ba sai ya taɓa jirgin sama ba, da ya ji kusancinsa sai ya fashe.

Ruwa a ko'ina, ƙishirwa a ciki

Tukunyar tururi ba ta shan ruwan gishiri. Dole a tafasa ruwan teku a tace, kuma tukunya ce ke fara sha, mutane su samu ragowa. Saboda haka wanka da ƙa'ida ake yinsa: ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka goga sabulu, ka ɗauraye. Gadaje hawa uku ne, wanda ke ƙasa hancinsa ya kusa taɓa bayan na sama. A ɗakin inji zafi yakan haura digiri 40.

Shan mai ma a kan tafiya ake yi. Distiroya zai matso kusa da babban jirgi, duka biyu suna gudu, a jefa igiya, a jawo mesa, a yi ta ɗura.

Fansar matuƙi da askirim

Tun 1914 aka haramta giya a jiragen sojan ruwan Amurka, sai askirim ya zama abin marmari. Manyan jirage suna da injin yinsa, yawancin distiroya ba su da shi. Sai wata al'ada ta samu: idan matuƙin jirgin sama ya faɗa teku, distiroya ya tsamo shi, za a ɗaura shi a kujera a zura shi ta igiya zuwa jirginsu, kujerar kuma ta dawo da garwar askirim. Mutanen jirgin Kidd sun yi suna a wannan ciniki. Jirgin ya ci sunan Admiral Isaac Kidd, wanda aka kashe a harin Pearl Harbor, amma da yake an taɓa yin wani shahararren ɗan fashin teku mai wannan suna, sai suka zana hoton ɗan fashi a bututun hayaƙinsu, suka ɗaga baƙar tuta mai ƙoƙon kai. Shi ma yana nan, an mai da shi gidan tarihi na jihar Louisiana.

Uku masu jirgin sama a goye

An gwada ɗora wa jirage uku, Pringle da Stevens da Halford, ƙaramin jirgin sama mai sauka a ruwa, bayan an cire musu igwa ɗaya da rabin tofidonsu. Dabarar ba ta yi ba, aka mayar da su yadda sauran suke.

Ranar da aka harbi jirgin shugaban ƙasa

Ranar 14 ga Nuwamba 1943, katafaren jirgi Iowa yana ratsa Tekun Atlantika ɗauke da Shugaba Roosevelt, za shi taron Alƙahira da Tehran. Cikin masu rakiya akwai sabon distiroya, William D. Porter, yawancin mutanensa sababbin shiga ne. Ana atisayen harba tofido, wanda ƙa'idarsa ita ce a cire abin da ke tayar da shi tukuna. Aka manta ba a cire na bututu ɗaya ba. Tofido na gaske ya faɗa ruwa, ya miƙe sai Iowa.

An hana magana ta oba-oba don kada Jamusawa su ji, sai suka koma fitilar sigina, ruɗewa ta sa saƙon ya fita a karkace. Daga ƙarshe suka karya dokar, suka yi kira. Iowa ya murɗa kai da sauri, tofidon ya fashe a bayansa. Roosevelt, wanda shan inna ta zaunar, ya ce a tura kekensa bakin jirgi ya gani da idonsa.

An daɗe ana yi wa wannan jirgi dariya, ni kuwa ƙarshensa nake dubawa. Ranar 10 ga Yuni 1945 a gaɓar tsibirin Okinawa na Japan, wani matuƙin ƙunar baƙin wake ya auno shi. Suka kauce, jirgin saman ya faɗa ruwa, amma ya nutsa ya je daidai ƙarƙashinsu ya fashe. Sa'a uku suna fama da ruwan da ke kwararowa kafin jirgin ya nutse. Aka ƙidaya mutane, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Maganar dankali

Akwai labarin da ya zaga duniya cewa mutanen jirgin O'Bannon sun yi wa wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan ruwan dankalin turawa a 1943, wai don sun yi kusa da juna har igwa ba ta iya sunkuyowa. Kwamandan jirgin na lokacin ya ce ba a jefa dankali ba. Abin da ke rubuce ya fi labarin daraja: O'Bannon ya samu taurarin yaƙi 17, fiye da kowane distiroya na Amurka a yaƙin, kuma yana cikin ukun da aka zaɓa su raka jirgin Missouri zuwa mashigin Tokyo a 1945.

Safiyar Samar

A nan zan daɗe, don nan ne gwangwani ya nuna abin da ke cikinsa.

Ranar da aka miƙa sabon jirgi Johnston ga mutanensa, 27 ga Oktoba 1943, kwamandansa Ernest Evans, ɗan jihar Oklahoma mai jinin ƙabilun Cherokee da Creek, ya tara su ya ce wannan jirgin faɗa ne, inda haɗari yake nan za shi, wanda ba ya so ya sauka tun yanzu. Shekara ɗaya saura kwana biyu, maganar ta zo gwaji.

Da sassafen 25 ga Oktoba 1944, a gabashin tsibirin Samar na ƙasar Filifin, wata 'yar ƙaramar runduna ta Amurka tana aikinta: ƙananan jirage masu dakon jiragen sama shida, distiroya uku, da 'yan rakiya huɗu waɗanda ba su kai distiroya ba. Kwatsam sai ga rundunar Admiral Kurita na Japan ta ɓullo daga arewa: katafaren jirgin yaƙi huɗu, matsakaita takwas, distiroya 11. A cikinsu akwai Yamato, mai nauyin tan kusan 70,000. Hasumiyar igwarsa guda ɗaya ta kai nauyin Johnston baki ɗayansa.

Evans bai jira umarni ba. Ya sa aka turnuƙe teku da hayaƙi don ɓoye jiragen da yake tsaro, ya juya kai ya nufi rundunar shi kaɗai. Harsasan Japan suna da rini a ciki, don kowane jirgi ya gane inda nasa ya faɗa, sai ruwa ya riƙa tashi kewaye da shi ja da kore da ruwan ɗorawa. Evans ya riƙa bin inda harsashi ya faɗa yanzun nan, don ya san maharbi zai gyara saiti ya bar wurin. Da ya kai inda yake so, ya saki tofidonsa goma duka. Ɗaya ya gutsure goshin jirgin Kumano.

Sannan manyan harsasai suka same shi. Rabin injinsa ya mutu, ɗakin tuƙi ya farfashe, Evans ya rasa yatsu biyu na hannun hagu, rigarsa ta yage daga jikinsa. Ya naɗe hannun da hankici ya ci gaba. Da sauran jiragen suka wuce za su kai nasu harin, Johnston, ba tofido, ba gudu, ya bi bayansu yana harbi. Da ɗakin tuƙi ya gagari zama, Evans ya koma can ƙarshen jirgi, yana ƙwalla umarni ta wata ƙofar ƙasa ga mutanen da ke juya akalar jirgin da ƙarfin damtse.

Ga wani abin mamaki: rashin kaurin gwangwanin ya taimaka. Japanawa sun ɗauka manyan jirage suke yaƙa, sai suka riƙa harba harsasan huda sulke, waɗanda ba sa fashewa sai sun ci karo da ƙarfe mai kauri. Da yawa suka shiga ta wannan gefe suka fita ta wancan.

Tofidon wani distiroya, Heermann, ya tilasta wa Yamato juya baya na wasu mintuna, Kurita ya kasa ganin filin daga. Daga bisani ya janye rundunarsa. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido, amma da tsada. Hoel, ɗaya daga cikin distiroya ukun, ya nutse da mutum fiye da 250. Johnston ya bi shi jim kaɗan bayan ƙarfe 10. Cikin mutanensa 327, 141 ne suka tsira, bayan sun yi kwana biyu a ruwa, ga rauni, ga ƙishirwa, ga kifin shak. Wasu daga cikinsu sun ba da labarin cewa wani distiroya na Japan ya wuce daf da su, wani hafsa a kansa ya ƙame ya sara wa jirgin da ke nutsewa. Evans dai ba a sake ganinsa ba. An ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka bayan mutuwarsa.

Iska ma abokin gaba ce

Bayan wata biyu, ranar 18 ga Disamba 1944, wata mahaukaciyar guguwa ta rutsa da rundunar Admiral Halsey na Amurka. Distiroya uku suka kife, Hull da Monaghan da Spence, mutum kusan 790 suka mutu ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Spence, wanda Fletcher ne, mansa ya kusa ƙarewa, tankuna sun zama fanko, ƙasa ba nauyi, sama kuma an jibga masa bindigogi da na'urori. Igiyar ruwa ta kwantar da shi, bai tashi ba.

Katako da ƙyalle

Fletcher 19 aka rasa a yaƙin, 11 daga cikinsu a Okinawa. A can ne aka riƙa tura distiroya nesa da runduna su yi gadi da rada, sai suka zama farkon abin da 'yan ƙunar baƙin wake ke gani. Na ƙarshe da ya nutse shi ne Callaghan, mai sunan hafsan nan da aka kashe a Guadalcanal. A ƙarshen Yuli 1945, saura mako biyu Japan ta miƙa wuya, cikin dare, wani ɗan jirgin koyon tuƙi mai fukafukai hawa biyu, wanda aka yi da katako da ƙyalle, ya lallaɓo ƙasa-ƙasa. Rada da harsashi mai rediyo don ƙarfe aka yi su, ba su cika jin katako ba. Mutum 47 suka mutu, a jirgin da ke shirin komawa gida.

Hannun da aka yaƙa ya karɓa

Bayan yaƙi an raba jiragen Fletcher ga ƙasashe 14. Jamus ta Yamma ta samu shida, Italiya uku, Japan biyu. Biyun da aka ba Japan a 1959, Heywood L. Edwards da Richard P. Leary, sun yaƙi rundunar Japan a mashigin Surigao a daren da ya gabaci Samar. Aka sake musu suna Ariake da Yugure. Na ƙarshe da ya bar aiki ya kasance a hannun Meziko, sai a 2001 ya huta, kusan shekara 60 bayan ƙera shi.

Wani na Girka, mai suna Velos, ya yi abin da babu wanda ya zana shi dominsa. A watan Mayu 1973, ana tsakiyar atisayen ƙungiyar NATO, kwamandansa Nikolaos Pappas ya samu labarin cewa gwamnatin soja ta kama abokan aikinsa hafsoshi a gida. Ya fice daga atisayen, ya kai jirgin gaɓar Fiumicino kusa da birnin Rum, shi da kimanin mutum 30 suka nemi mafaka, suka gaya wa 'yan jarida abin da ke faruwa a ƙasarsu. Mulkin sojan ya faɗi a 1974, Pappas ya koma gida, daga baya ya zama shugaban rundunar ruwan Girka.

Lamba 557

A watan Maris 2021, wani mai binciken ƙarƙashin teku, Victor Vescovo, ya shiga ɗan ƙaramin jirgin nitso ya gangara cikin kwazazzabon teku a gabashin Samar. A zurfin kusan mita 6,460, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba, fitilarsa ta haska goshin wani jirgi a zaune tsaye a kan taɓo. Igwa biyu na gaba suna nan a mazauninsu, jikin ƙarfen duk huji ne. A gefen goshin, da farin fenti, ana iya karanta 557, lambar Johnston.